Wane gudu zan saka wa SQM a layin 4G da ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Assalamu alaikum. Ina da rauta mai OpenWrt (manhajar da ke tafiyar da rautar), intanet kuma ta layin 4G take shigowa. Da zarar wata na'ura ta fara sauke babban fayil, sai kiran murya ya riƙa yankewa, ping (lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo) ya tashi daga kusan milisakan 40 ya haura 600.

Na kunna SQM (tsarin da ke iyakance gudu da tsara jerin bayanai don rage jinkiri), na zaɓi cake (ɗaya daga cikin hanyoyin tsara jerin) tare da fayil ɗin saitinta piece_of_cake.qos, na bi shawarar da aka saba bayarwa ta saka kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari na gudun da aka auna. Da safe nakan samu megabit 30 na saukewa, sai na saka 27. Lafiya lau har yamma. Da dare kuwa gudun kan faɗo ƙasa da 10, iyakar da na saka ta tashi a banza, domin cunkoson ya koma can ɓangaren kamfanin layi, inda cake ba ta da ta cewa.

Na rage zuwa 9. Jinkirin ya tafi, amma da rana ina asarar sama da kashi biyu cikin uku na gudun, abin da ba zan iya jurewa ba. Na koma fq_codel (wata hanyar tsara jerin, madadin cake), babu abin da ya sauya, wanda dama ban yi mamaki ba tunda matsalar ta lambar iyakar ce.

Don Allah, a irin wannan layi, da wane awo ya kamata in tsayar da iyakar saukewa ta dindindin: na rana, na dare, ko wani a tsakaninsu? Na gode.