Tayoyin inci 17 suna gugar jikin Mustang ta 1967

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gyaran mota a kan matsalar da ta hana ni sakat kusan wata biyu. Ina zaune a Amurka, kuma ina da Ford Mustang ƙirar 1967, wadda na cire mata wilinta na asali mai inci 14 na sa mai inci 17, faɗinsa inci 8, da taya mai lamba 245/45, wato faɗinta milimita 245 ne. Ramukan noti biyar ɗin sun zauna daidai. Sai dai idan na murɗa sitiyari har ƙarshe, ko motar ta faɗa rami, tayar gaba ta hagu takan goge leɓen madigadi, har ta kankare fenti ta bar baƙin zane a gefen robar.

Bakanike ya ce a lanƙwasa leɓen zuwa ciki, amma zuciyata ba ta kwanta ba, domin fentin na asali ne. Shin laifin daga zurfin bayan wilin yake, wanda na auna inci 4.5, ko kuwa tsofaffin sifirin ne suka kwanta, tunda ɓangare ɗaya kawai ke guga? Kuma idan na koma taya mai faɗin milimita 225, za a rabu da gugar?