Ƙarin ya dawo bayan an gama kemo: wa ya taɓa shiga aiki na biyu da ɗansa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana shekararsa 6. Bara aka cire masa ƙari a cinya, likitoci suka ce ciwon dajin tsoka ne, rabdomayosakoma. Mun gama kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, har gashin kansa ya tofo. Yanzu wani ɗan ƙullutu ya fito a gefen ɗinkin, gwaji ya nuna shi ne ya dawo, an ce sai an sake aiki. Don Allah wanda ya bi ta nan ya faɗa mini.

Baban Hafsa: Wa alaikumussalam, Allah ya ba shi lafiya. Na 'yarmu Hafsa a dantse ya dawo. Ba su taɓa ta da wuƙa ba sai da aka ɗauki hoton MRI na hannun da hoton CT na ƙirji, domin ciwon yakan tsallaka huhu. Suka fara da kemo, magungunan irinotekan da binkiristin, har ƙarin ya motse, sannan aiki. Wannan ya fi na farko girma sosai: tsohon tabon duka suka ɗauke haɗe da lafiyayyar tsokar da ke kewaye da shi, suka yanko fata daga cinyarta suka rufe wurin. Likitan ya zana mana da biro a bayan kati, ya ce in aka bar ko ƙanƙani a gefe, daga nan yake sake tsirowa. Maman Sadiq, idan sakamakon gwajin tsokar da aka cire ya fito, ki tambaya kai tsaye: gefen da aka yanke ya fita tas? Amsar tana cikin abin da za su duba kafin su ce a yi gashi da na'ura, wato a ƙona ragowar ƙwayoyin ciwon da haskenta.

Hajiya Kaka: 'Yata, za ki ji masu cewa a kai wa wanzami ya yi sakiya. Kada ki bari kowa ya tsaga wurin. Jikana an tsaga nasa a ƙauye, ya zama gyambo, aikin da za a yi masa ya koma sai an jira.

Maman Ikram: Mu ba a yi aikin ba. Nata a bayan ido ya dawo, babu inda za a yanka a wadace. Gashi aka yi mata a asibitin Shika da ke Zariya tare da kemo. Ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma maganin raɗaɗi ya ba ta barci, ta yi wasa da ƙannenta. Ki nemi a ba shi tun yanzu, kada ki ji nauyi.

Maman Sadiq: Allah ya jiƙan Ikram ya ba ki haƙuri, yaya. Baban Hafsa, hannun yana ɗaguwa yanzu?

Baban Hafsa: Bai kai kamar da ba, amma tana rubutu da shi, kuma har yanzu muna zuwa gashin ƙashi. Ki tafi da takardar sakamakon aikin farko da hotunan baya duka, su za su fara nema.