A gyara gidan ƙasa ko a rushe a sa bulo?

Auta: Assalamu alaikum. Gidan nan da na ba ku labari, na wani ƙauye a ƙasar Dawakin Kudu, mun kusa daidaitawa da masu shi. Ginin ƙasa ne: zaure, ɗaki uku, rijiya, da fili a baya. Kawu ya ce gyara shi ya fi araha, ya fi daɗin zama. Yaya Babba ya ce in rushe in sa bulo. Ku raba mana gardama, don can nake so amarya ta tare.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ina nan kan bakana. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye zafin rana, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Shi ya sa a watan Afrilu mai soro yake barcin rana, mai bulo da kwano yana tsakar gida da mafici. Da hunturu kuma ga ɗumi. A ƙauyen da wuta sai ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yaya Babba: Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, sanyin ɗaki ban musa ba. Amma wa zai riƙa yaɓe duk shekara? A da gayya ake yi, yanzu ko kwaɓa ƙasa sai ka biya. Yaron nan a Kano yake aiki. Damina ɗaya ya yi sakaci, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, sai dai mu ji labari marar daɗi.

Kawu: Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun shekarun 1830, da siminti aka yi shi?

Yaya Babba: Kawu, ai shi ne wani ɓangarensa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, ana sallar La'asar.

Kawu: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma sai da ya kusa shekara 190 a tsaye. Benen da ya rushe a titin Beirut a Kano a 2022 fa? Ko gama shi ba a yi ba, kuma babu tubalin ƙasa ko ɗaya a jikinsa.

Baffa Magini: Ku dakata, dukanku ba wanda ya ga gidan. Auta, abu na farko azara. Ka ɗauki guduma ka bubbuga kowace ɗaya, in ka ji tana amsawa kamar ganga, gara ta cinye cikinta, rufin nan saukewa za a yi. Azarar giginya kuwa yanzu ta yi wuya, ta yi tsada. Sannan ka duba gindin katanga. In ƙasar tana zuba kamar gishiri, ko akwai danshi har da rani, ruwa ne ke hawa daga ƙasa, kuma yaɓe ba ya maganinsa. In waɗannan biyun lafiya lau suke, rushe gidan ɓarna ce. Ban manta farkon 2024 ba, da buhun siminti ya haura naira 10,000, mutane da yawa ginin nasu a linta ya tsaya.

Yaya Babba: To a yi masa filastar siminti a huta da yaɓe.

Baffa Magini: Wannan ita ce ke kashe gidajen ƙasa. Siminti ba ya kama ƙasa. Zai tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, katanga tana ruɓewa a ciki kai kana ganin fenti yana ƙyalli. Magabata makuba suke sawa, ta kwasfar ɗorawa. Ni abin da nake yi wa mutane yanzu: a ɗora kwano a saman soron da baki mai tsawo yadda ruwa zai zuba nesa da katanga, a yi dakali a zagaye gindin. Banɗaki da kicin kaɗai a yi na bulo.

Gwaggo: Sai yanzu aka ambaci banɗaki! Ku maza katanga kawai kuke gani. Yarinyar nan a gari ta tashi. Ina masai yake, kusa da rijiyar ko nesa? In naƙuda ta zo da dare a watan Agusta, mota tana shiga garin? Kai kuma Auta, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ka lissafa kuɗin zuwa Kano da dawowa kullum? Kada abin da ka tsira da shi na haya ya ƙare a tasha.

Auta: Gwaggo, hanyar burji ce, kuma ina da babur. Masan dai gaskiya yana kusa da rijiyar.

Gwaggo: To a cike shi a haƙa wani kafin a yi maganar lefe.

Anti Lauya: Ƙanena, ka ce "masu shi". Su wa ke nan?

Auta: Gidan gado ne. Babban ɗan marigayin ne ke sayarwa. Yana da ƙanne mata uku, duk suna gidajen aurensu.

Anti Lauya: An raba gadon? In ba a raba ba, kasonsa kawai yake da ikon sayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya 'yan uwansa suna da haƙƙin shuf'a: su mayar maka da kuɗinka su karɓe abin da ka saya. Ka kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko kowace ta sa hannu da kanta, mai unguwa da dagaci suna shaida. Bayan haka ka nemi takardar mallaka. A Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filin da ba na birni ba ƙaramar hukuma ce ke ba da shaidarsa ta gargajiya. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai na ga takardun.

Kawu: Ni dai ba a kayar da ni ba. Baffa ma ya ce rushewa ɓarna ce.

Yaya Babba: Ya ce in azara lafiya, Kawu.

Baffa Magini: Auta, ka zo ka ɗauke ni ranar Asabar bayan Asuba. Ka taho da tsani.