Eclipse RCP ko NetBeans Platform don shagon kawuna?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Kawuna yana sarin shinkafa da man girki kusa da kasuwar Kejetia a Kumasi. Yana so in haɗa masa manhajar lissafin kaya da bashi da za ta yi aiki ba intanet, a tsohuwar kwamfuta mai RAM 4GB. Java na iya. A cikin ginshiƙan da ake gina manhajar kwamfuta a kansu da Java, Eclipse RCP zan ɗauka ko NetBeans Platform? Kuma nawa zan ce masa?

Mai Waya: Wa alaikumus salam. Ka yi masa shafin intanet kawai, ya buɗe a waya.

Ɗan Aboabo: Yaya, ai na ce babu intanet a shagon.

Baban Zongo: Ƙanena, da RCP na yi wa wani mai shagon magani aiki a Asawase. SWT, kayan zana tagogi na RCP, ya yi kyau, tagogi kamar na Windows na asali. Amma komai gutsi-gutsi ne a ƙarƙashin OSGi, tsarin da ke haɗa sassan manhajar, sigar sashe ɗaya ta saɓa sai manhajar ta ƙi tashi, ka kwana kan fayil ɗin saiti na MANIFEST.MF da Tycho mai harhaɗa manhajar. Duk na jure. Ranar miƙa aiki mutumin ya ɗaga rasit sama yana juyawa, ya ce babu tambarin shago. Na sa. Ya ce rubutun ya yi ƙanana. Na ƙara. Sai ya daina ɗaga waya. Shekara biyu ke nan, rabin kuɗina yana hannunsa, yaransa kuma suna aiki da ita kullum. Wallahi abin yana cina.

Hajiya Kodin: Allah ya saka maka, Baba. Ɗan Aboabo, NetBeans kan Swing yake, wato kayan zana tagogi na Java, gidauniyar Apache ke riƙe da shi yanzu, ya fi sauƙin shiga. Ni sidi 12,000 na karɓa kan irin wannan.

Mai Waya: 12,000? Hajiya, 3,000 ake yi a nan Kumasi.

Hajiya Kodin: Ka taɓa miƙa wa wani manhajar kwamfuta? Masu shafin intanet su bari waɗanda suka yi su yi magana.

Mai Waya: Karatun jami'ar KNUST ba shi ne sanin kasuwa ba.

Sarkin Shayi: Ka ce kawu ya biya da buhun shinkafa, mu zo walima.

Baban Zongo: Ba abin dariya ba ne. Bare ma ya cinye nawa, balle kawu. Da ka ambaci kuɗi za a kai ƙara wajen mahaifiyarka.

Hajiya Kodin: Gaskiya ne. Mijin yayata firinta ta lalace ni zai kira, wuta ta ɗauke bayanai sun ɓace ni zai kira, ko kuɗin mota bai taɓa turo min a asusun waya na MoMo ba. Jiya ma da ƙarfe goma na dare ya bugo.