Shawarwarin da aka tattaro ga mata masu son shugabanci a masana'antar ƙera jiragen sama

Abin da masu ba da shawarwarin suka fi nanatawa shi ne: kada ki yi saurin komawa ofis. A cewarsu, waɗanda ake ɗagawa a kamfanin Airbus ko Boeing galibi sun taɓa riƙe layin haɗa jirgi, da ma'aikata da kasafin kuɗi a hannunsu. Stephanie Pope, wadda aka ba ragamar sashen jiragen fasinja na Boeing a 2024, ta faro ne daga ɓangaren kuɗi, amma sai da ta shugabanci sassa sukutum kafin ta kai nan.

An daɗe a kan maganar takardu. Ki san AS9100, ƙa'idar tabbatar da ingancin aiki a masana'antar jiragen sama, kamar tafin hannunki, kada ki sa hannu a kan aikin da ba ki gani da idonki ba. Murfin ƙofar da ya fita daga jirgin 737 MAX 9 na Alaska Airlines a Janairun 2024, kusoshi 4 ne ba a mayar ba, domin an buɗe shi ba a rubuta ba. Musayar aiki tsakanin masu safe da masu dare, nan ne irin wannan ke ɓacewa. Ki tsaya a wurin da kanki.

Sai ƙananan abubuwa: ƙirga spana kafin a tashi daga aiki, duba ranar da aka auna makullin ɗaure noti, da ajiye zaren kabon mai ƙaro a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili.

Safar hannu da kayan kariya kuwa, yawanci girman maza ake sayowa. Ki nemi daidai ke a rubuce tun makon farko.