Tsagar saitin baya a fistol: mai kusurwa ko mai siffar U?

Ɗan Rayfield: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni dai ina kan bakana, tsagar saitin baya, wato 'yar ƙofar da maharbi ke leƙa tsinken saitin gaba ta cikinta, mai siffar U ta fi mai kusurwa huɗu. Ido ya fi saurin zaunar da ɗigon da ke jikin tsinken gaba a cikin abu mai lanƙwasa. Zamanin mai kusurwa ya wuce.

Baba Sufeto mai ritaya: Wa alaikumus salam. Yarona, a hankali. Wannan mai kusurwar da kake rainawa, saitin Patridge ake ce mata, tun ƙarshen ƙarni na 19 take aiki, kuma da dalili. Abu biyu maharbi ke dubawa: kan tsinken gaba ya yi daidai da kafaɗun tsagar, sannan hasken hagu da na dama su zo ɗaya. Gindin tsagar fa, ko zagaye ne ko miƙe, me ya haɗa shi da wannan lissafi?

Ɗan Rayfield: Baba, wannan na mai lokaci ne. Ina maganar sauri.

Koci: To ƙanena, mu je ga saurin. A gasar harbin gaggawa ta mita 25 da ake yi a Olamfik, maharbi na harbin allo biyar cikin daƙiƙa 8, sai 6, sai 4. Ba a yarda da saitin gilashi ko na na'ura ba, saitin ƙarfe ne kawai. Duba fistol ɗinsu, galibi mai kusurwa ce, wadda ake ƙara mata faɗi ko a rage. Haka a fistol ɗin iska ta mita 10, inda zoben maki goma bai wuce milimita 11.5 ba. Can kuskure kamar silin gashi a saiti ya isa ya raba ka da maki, kuma miƙaƙƙun gefuna ne ke nuna maka shi tun kafin ka taɓa kunama.

Anti Tudun Wada: Koci, ban ƙi taka ba, amma duk kun tsallake faɗin tsagar. Wanda ya haura arba'in ya san yadda ido ke fara ƙin abu na kusa. Ga safiyar hazo a garin nan, haske ya dushe. In tsagar ta matse tsinken gaba, ko wace siffa ce ba za ka ga komai ba. Yawancin masu U da ake yabo, da faɗi ake ƙera su, shi ya sa suke da sauri. Ana ba siffa yabon da faɗi ya kamata a ba.

Ɗan Rayfield: Anti, to fistol ƙirar Glock fa? Ai tsagarta U ce.

Anti Tudun Wada: Farin zane ne mai kama da U aka kewaye tsagar da shi. Ramin kansa mai kusurwa ne.

Baba Sufeto mai ritaya: Mai V buɗaɗɗiya kuwa gadon bindigogin farautar giwa da ɓauna ce, ta harbin kusa. Da an yi nisa, sama da ƙasa su rikice. Sannan ina tuna wa matasanmu: a dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol na cikin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa. Maganarmu ta jami'ai ce da 'yan wasa a filin horo.

Ɗan Rayfield: Na ji, Baba. Amma ba zan saki U ba. In tsinken gaba na da zagayayyen ɗigo, zagaye cikin zagaye ya fi kwanta wa idona, kuma kusurwoyin nan na ƙasa ba sa jan hankalina.

Koci: Wannan na yarda, in ɗigo kake bi. In kan tsinke kake bi, mai kusurwa. Ka zo fili ranar Asabar, mu sa biyun a faɗi ɗaya, nisa ɗaya, mu ƙirga maki da lokaci.