Wai shi wannan Weird Al ɗin ba a taɓa maka shi a kotu ba ne?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah wa ya san labarin wani bature wai shi Weird Al? Na ga wani tsohon bidiyonsa, kiɗan Beat It na Michael Jackson sak, jar jaket ɗin da rawar da komai, amma shi Eat It yake cewa, wai yaro ya zauna ya cinye abincinsa ya daina tsince-tsince. Na yi dariya wlh, to amma abin da ya ɗaure min kai, yadda Turawa ba sa wasa da haƙƙin mallaka, ya aka yi ya ɗau kiɗan mutum sukutum ya sha?

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Sunansa Alfred Yankovic, haifaffen Kalifoniya ne a Amurka, 1959. Tun yana ɗan shekara 7 iyayensa suka sa shi koyon akodiyon, abin kiɗan nan da ake rungumewa a ƙirji ana matsawa ana saki kamar zugazugin maƙera, wanda samarin lokacin ke ganin kayan tsofaffi ne. A 1976 ya fara aika kaset wa wani mai shirin rediyo, Dr. Demento, da ke sa waƙoƙin shirme zalla. Kuma fa ba waƙa ya karanta ba, zanen gine-gine ya yi a jami'a, can ne ma a 1979 ya shiga banɗakin da ke kallon gidan rediyon makarantar ya naɗi waƙarsa My Bologna saboda wajen yana da amsa-kuwwa, ka ji mafarin abin.

Batun kotu kuma, mutumin baya sakin waƙa sai ya nemi izini, kuma mai asalin waƙar yana da kasonsa a kuɗin. Ita Eat It da ka gani a 1984 ta fito, da yardar Michael Jackson, har babbar lambar yabon waƙa ta Grammy ta ci. Da ya zo yin Fat, kwaikwayon waƙar Bad ta Jackson, a 1988 ma Jackson ɗin ne ya ara masa wajen da aka gina don ɗaukar bidiyo.

Barista_to_be:
Yallaɓai Baban Ilham ka yi bayani, sai dai in ɗan ƙara. A 1994 kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar ƙungiyar mawaƙa 2 Live Crew cewa kwaikwayon waƙa don yi mata shaguɓe zai iya halatta ko ba izini. Amma ni a ganina wannan hukuncin ba lallai ya rufe shi ba, don yawancin waƙoƙinsa ba asalin waƙar yake zolaya ba, karin kawai yake ara ya ɗora zancen abinci ko talabijin ko kwamfuta, kenan neman izinin nan ba kirki kaɗai ba ne, akwai wayo ciki. Kuma an sha hana shi fa. Mawaƙi Prince har ya mutu bai taɓa yarda ba, mawaƙi Paul McCartney kuma ya ƙi saboda waƙar a kan naman kaza za ta kasance shi kuma baya cin nama.

Maman_Sultan:
Ku kun manta rigimar mawaƙi Coolio ta 1996. Kamfanin faifai ya ce wa Al an yarda, waƙar Amish Paradise da ya kwaikwayi ta Coolio ta fito, sai ga Coolio a gaban 'yan jarida yana cewa shi bai ba kowa izini ba an wulaƙanta masa waƙa, alhali shi ma fa kiɗan na Stevie Wonder ne ya ɗauko hhhh. Al ya rubuta masa wasiƙar ban haƙuri, daga baya shi Coolio da bakinsa ya ce shi ne bai kyauta ba.

Ni dai abin nan ba baƙo ba ne a wajena, ai 'yan kama ne. Su ma haka suke, su ɗau karin waƙar wani babban mawaƙi ko salon karatun malam su juye shi ya koma zancen tuwo da miya da nama, kasuwa ta yi ta dariya, ba wanda aka zaga. Bambancin kawai shi yana da lauya da kamfani.

Baban_Ilham:
Haka ne hajiya, kuma rashin zagin nan shi ya sa ya daɗe, waƙoƙinsa ba ashar, uba zai saurara da 'ya'yansa. Sannan mutane suna raina abin don barkwanci ne, amma ka gwada zuba sabbin kalmomi a karin wani su zauna daram, gaɓa ba ta yi yawa ba ba ta gaza ba, kuma a yi dariya. Makaɗansa ma gwanaye ne, mai gangarsa tun 1980 suke tare. Fim ɗinsa UHF na 1989 bai yi kasuwa ba, aka ce ya ƙare, sai ya dawo da kwaikwayon waƙar ƙungiyar Nirvana a 1992. Da yawan waɗanda ya kwaikwaya an daina jin ɗuriyarsu, shi kuwa sai 2014 ma kundinsa Mandatory Fun ya hau lamba ɗaya a Amurka, yana da shekara 54.

Ɗan_Fagge:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Amma fa Prince ya ban haushi, mutum ya zo da ladabi yana roƙo shekara da shekaru ka ƙi ko sau ɗaya? Wacce zan nema bayan Fat, datana saura kaɗan.